Daga Sitokhom Zuwa Helsinki: Kwana a Kan Tekun Baltik

Ko'ina mutum ya tsaya a tsakiyar Sitokhom, babban birnin ƙasar Suwidin, ba zai yi doguwar tafiya ba sai ya ci karo da ruwa. A kan tsibirai 14 aka gina garin, gadoji fiye da 50 suka ɗinke su, kuma an kafa shi ne daidai inda tafkin Mälaren ke juye ruwansa cikin Tekun Baltik. Wannan mahaɗa ita ta haifi garin. A ƙarni na 13, duk jirgin da zai shiga cikin ƙasa sayen ƙarfe, ko ya kai hari garuruwan bakin tafki, tilas ya bi ta wannan siririn mashigi. Wanda ya tsare shi ya tsare ƙofar ƙasa, kuma shi ke karɓar kuɗin fito. A 1252 aka fara ganin sunan garin a rubuce, cikin wasiƙun Birger Jarl, mutumin da ake cewa shi ya aza harsashinsa.

Tsabtar ruwan ce ta fara ɗaure mini kai. Tsakanin ginin majalisar dokoki da fadar sarki ruwa na gudu da ƙarfi, sai ga mutane tsaye da ƙugiya suna kamun kifi, motoci na wucewa a bayansu, ba wanda ya ko waiwaye su. A wasu gaɓoɓin cikin gari kuma yara na iyo. Birni ne mai mutum kusan miliyan guda, da tashoshin jiragen ruwa da masana'antu, amma ruwan da ya ratsa shi ana shiga a yi wanka.

Tsohon gari, Gamla Stan, a ƙafa ake zaga shi. Lunguna ne ƙanana da aka shimfiɗa wa duwatsu, gidaje dogaye masu launin ja da rawaya da ruwan ƙasa sun matse su ta kowane gefe. Akwai lungun da ake kira Mårten Trotzigs gränd, wanda faɗinsa a inda ya fi ƙunci santimita 90 ne kacal. In kuka haɗu da wani, sai ɗayanku ya karkata kafaɗa. A tsakiya akwai dandalin Stortorget, inda baƙi ke zaune suna shan gahawa da wani burodi mai kirfa. A wannan dandali ne, cikin Nuwamban 1520, sarkin Denmak Kirista na Biyu ya sa aka kashe manyan Suwidin fiye da 80, bayan ya gayyace su bikin naɗinsa ya kuma yi musu alkawarin afuwa. Cikin waɗanda aka sare akwai mahaifin wani saurayi mai suna Gustav Vasa. Saurayin ya tsira, ya tara manoma ya yi tawaye, aka zaɓe shi sarki ranar 6 ga Yuni, 1523, ranar da Suwidin ke bikin ƙasa har yau. Fadar sarki tana nan kusa, ɗakuna fiye da 600, an gina ta a gurbin wadda ta ƙone a 1697. Na kalle ta daga waje na wuce. Girma gare ta, amma ba ta riƙe ni ba.

Wani abu da baƙo zai shirya masa tun daga gida: takardun kuɗi sun kusa zama tarihi a garin nan. Shaguna da yawa sun manna sanarwa a ƙofa cewa kati kawai suke karɓa, har mai sayar da ruwan sha. Suna da kuɗinsu na kansu, kurona, amma da wuya ka ga wanda ya zaro shi daga aljihu.

A ƙetaren ruwa ake hango zauren majalisar birni, Stadshuset, ginin jan bulo da aka gama a 1923, mai hasumiya mita 106 da kambin zinariya uku a ƙololuwarta. A cikinsa ake walimar kyautar Nobel kowace ranar 10 ga Disamba, ranar da Alfred Nobel ya rasu a 1896. Mutum wajen 1,300 ke zama cin abinci a babban zauren, sannan a hau bene zuwa wani zaure da aka lulluɓe bangonsa da ƙwayoyin gilashi masu ruwan zinariya miliyan 18. Da na tsaya a gindin matakalar da waɗanda suka ci kyauta ke sakkowa ta kai, Wole Soyinka ne ya faɗo mini a rai, wanda ya karɓi kyautar adabi a garin nan a 1986, baƙar fata na farko daga Afirka da ya samu wannan daraja. Dukiyar da ake rabawa kuwa daga nakiya ta fito, domin Nobel ne ya ƙirƙiro nakiyar da ake fasa duwatsu da ita, da ita ya yi arziki.

Akwai wurin da yawancin masu yawon buɗe ido ke tsallakewa, ni kuwa ya fi fadar sarki burge ni: gidan tarihin ƙasa, Historiska museet. A sashen zamanin Vikin, mayaƙan ruwan nan na arewa, sai ga tsabar azurfa ɗauke da rubutun Larabci irin na Kufa, kalmar shahada a tsakiyarsu. Dirhami ne na daular Abbasiyawa da ta Samaniyawa, an buga su a Bagadaza da Samarkand da Tashkent fiye da shekara dubu da suka wuce. Dubun-dubatarsu aka tono a ƙasar Suwidin. A tsibirin Gotland kaɗai, a 1999, an tono wata taska mai nauyin kilo 67 ta azurfa, da tsaba fiye da 14,000, kusan dukkansu daga ƙasashen Musulmi. Fatake ne suka kawo su. Suna ƙetare Baltik, su bi kogunan Rasha har zuwa kogin Volga, su sayar da fatu masu gashi da takubba da bayi, su koma da azurfa. Ahmad Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya gamu da irin waɗannan mutane a bakin Volga a 922, ya kuma rubuta abin da ya gani na surarsu da cinikinsu da yadda suke ƙona gawar shugabansu a cikin jirgi. Su ba karatun rubutun ya dame su ba, nauyin azurfar suke aunawa, shi ya sa da yawa cikin tsabar an datsa su gida biyu ko huɗu don yin canji. Na daɗe a gaban wannan gilashi ina karanta abin da wataƙila mai shi na ƙarshe bai taɓa sanin ma'anarsa ba.

Babban masallacin garin yana tsibirin Södermalm, kusa da dandalin Medborgarplatsen. Asalin ginin tashar wutar lantarki ce ta farkon ƙarni na 20, aka mayar da ita masallaci, aka buɗe a 2000 da taimakon Shaihu Zayed na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sunansa kuma yake ɗauke da shi. A sahu ɗaya za ka ga Basomale da Ba'iraƙe da mutumin Bosniya da na Gambiya. A ƙofar wannan masallaci ne wani ya ƙona Alƙur'ani ranar babbar salla ta 2023, abin da ya sa da yawa daga cikinmu suka fara jin sunan ƙasar da ɓacin rai. Ban manta da hakan ba sa'ad da nake cire takalmi. Amma masallacin cike na same shi, yara na karatu a gefe, mutane na harkarsu ba tare da ɗar-ɗar ba, kuma wannan ma shaida ce da ya kamata in bayar.

A nan ne na fahimci abin da rana ke yi wa Musulmin arewacin duniya. A watan Yuni na je. Rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, kafin huɗu na asuba kuma ta fito. Tsakanin faɗuwar da fitowar ma duhu ba ya kankama. Jan shafaƙi yana nan a gefen arewa, yana rarrafe har ya haɗe da alfijir. To, yaushe Lisha ta shiga, tunda alamarta ɓacewar shafaƙi ce? Na tambayi wani dattijo mutumin Nijar da ya daɗe a ƙasar, ya nuna mini jadawalin da ke manne a bango ya ce, "Malam, nan agogo muke bi, ba sama ba." Malamai sun yi fatawa a kan ƙiyasta lokaci a irin waɗannan watanni, wasu kuma sun halatta haɗa Magariba da Lisha saboda wahala. Shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar bazararsu, kusan awa 20 suke yi ba ci ba sha. Da hunturu kuwa sai lamarin ya juye: rana ta fito wajen tara saura, kafin uku ta faɗi.

Abin da ya fi kome a Sitokhom, a ganina, jirgin ruwa ne da ya nutse. Sunansa Vasa, kuma an gina masa gida na musamman a tsibirin Djurgården. Kana shiga daga hasken waje sai duhu-duhu da sanyi su tarbe ka, kafin idonka ya saba sai ka ga abu baƙi ƙirin ya tokare sama. Jirgin yaƙi ne na katako, tsawon mita 69, yana nan a tsaye kusan yadda aka ƙera shi, kashi 98 cikin 100 na jikinsa na asali ne. An yi barandu hawa-hawa kewaye da shi, don mutum ya kalle shi daga gindi har sama. Bayansa duk sassaƙa ce: zakoki, mayaƙa, sarakunan Rum, fuskokin dodanni, ɗaruruwansu. A zamaninsa an shafe su da ja da shuɗi da ruwan zinariya, don maƙiyi ya gani ya karaya tun daga nesa.

Sarki Gustav Adolf na Biyu ne ya sa aka ƙera shi, lokacin yana yaƙi da Folan. Yana son jirgin da babu kamarsa a Baltik, mai igwa 64 na tagulla a jere hawa biyu. Maƙerin da aka ba aikin, Henrik Hybertsson, mutumin Holan, ya rasu a 1627 kafin a gama. Jirgin ya fito dogo, sama ta yi nauyi, cikinsa kuma bai da faɗin da zai ɗauki isassun duwatsun da ake zubawa a ƙasa don jirgi ya zauna daram. Abin takaicin shi ne an sani. Kafin tashi an gwada shi a bakin gaɓa: aka sa mutum 30 su riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan. Zuwa uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin ya fara tangaɗi kamar zai kife. Wani babban hafsan sojan ruwa, Klas Fleming, yana tsaye a wurin. Sarki na fagen fama yana aiko da takardun a gaggauta, ba a kuma samu mai ƙarfin halin da zai ce masa jirgin nan ba zai yi ba.

Ranar Lahadi, 10 ga Agusta, 1628, jama'ar gari suka fito kallo, har da jakadun ƙasashen waje. An bar ma'aikatan jirgi su ɗauko matansu da 'ya'yansu don rakiya. An buɗe tagogin igwa duka don a harba gaisuwa. Iska ta ɗan kaɗa, jirgi ya karkata ya miƙe. Ta sake kaɗawa, ya karkata, ruwa ya kwarara ta tagogin ƙasa. Tafiyar mita 1,300 kawai ya yi ya nutse a idon kowa, mutum wajen 30 suka mutu. An kama kyaftin, an yi bincike, an tambayi maƙera, suka ce awon da sarki ya amince da shi suka bi. Daga nan magana ta mutu, ba a hukunta kowa ba.

Shekara 333 ya yi a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya cece shi shi ne ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, saboda koguna da yawa na zuba a cikinsa, mashigarsa zuwa babban teku kuma ƙarama ce. Tsutsar ruwan da ke cinye katakon jirage a sauran tekuna ba ta jin daɗin zama a nan. Wani mai bincike, Anders Franzén, ya gano inda yake a 1956. Masu ninƙaya suka haƙa ramuka ta ƙarƙashinsa cikin laka da duhu, aka zura igiyoyin ƙarfe, aka ɗago shi sannu-sannu, ya fito sarari ranar 24 ga Afrilu, 1961. Sai da aka shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma, don ya maye gurbin ruwan da ke cikin katakon, in ba haka ba da ya bushe sai ya tsattsage. An tsinci ƙasusuwan mutane, da akwatin wani matuƙi da hularsa da takalmansa da 'yan kuɗinsa a ciki. An kuma tsinci ma'aunan kafintoci, aka ga wasu na awon Suwidin ne, wasu na awon Amsterdam, ƙafa ɗaya ba ta kai ɗaya ba.

Abin da ya taɓa ni shi ne yadda suke ba da labarin. Wannan jirgi abin kunya ne: dukiyar ƙasa ta salwanta saboda girman kan sarki da shirun fadawa. Amma sun ɗauko shi sun ajiye a tsakiyar gari, sun rubuta kuskuren dalla-dalla a bango, sunan kowa da abin da ya yi da abin da ya ƙi faɗa, kuma 'yan makaranta na zuwa aji-aji ana karanta musu. Fiye da mutum miliyan ke ziyartar gidan a shekara.

'Yan taku kaɗan daga nan, a gefen wata tsohuwar maƙabartar sojan ruwa, akwai wasu bangayen dutse uku da aka zana wa sunaye. Na mutanen jirgin Estonia ne, jirgin fito irin wanda zan shiga da yammacin wannan ranar. Ya taso daga Tallinn zuwa Sitokhom, cikin daren 28 ga Satumba, 1994, igiyar ruwa ta ɓalle ƙofar goshinsa da motoci ke shiga ta ciki, ruwa ya cika hawan motoci, cikin ƙasa da awa guda ya nutse. Mutum 989 ke ciki, 852 suka rasu. Na karanta sunaye jere da jere, wasu suna ɗaya ne na iyali guda, sannan na tafi na ɗauki jakata.

Kamfanoni biyu ne suka shahara a hanyar Sitokhom zuwa Helsinki, Viking Line da Tallink Silja, kowanne na tashi da yamma ya isa da hantsi. A jirgin sama tafiyar awa guda ce, don tsakanin biranen bai wuce kilomita 400 a miƙe ba. A ruwa kuwa awa 17 ce ko kusa da haka, amma kuɗin ya haɗa da makwanci, shi ya sa matafiyi mai lissafi ke ganin ya huta da biyan otal na dare guda. Babu dogon bincike a tasha, tunda ƙasashen biyu biza ɗaya ke shiga da su. Kati guda aka miƙo mini, shi ne tikiti, shi ne makullin ɗaki.

Jirgin ya kai mita 200, hawa goma sha wani abu, yana ɗaukar fasinja kusan 2,800. Tun kafin mu shiga, tireloli da bas-bas da ƙananan motoci ke ta shigewa cikinsa ta ƙasa, ma'aikata na nuna wa kowace gurbinta. A tsakiyarsa an yi titi sosai, mai rufin gilashi, shaguna da gidajen abinci dama da hagu, tagogin ɗakunan kwana na kallonsa daga sama. Ɗakina ƙarami ne, gado mai naɗewa a bango, da banɗaki da wurin wanka, kome tsaf. A bayan ƙofa an manna taswirar da ke nuna inda nake, da hanyar da zan bi zuwa wurin taruwa in an busa ƙararrawa. Kafin mu tashi aka yi sanarwar tsaro da harsuna daban-daban.

Biyar saura muka ɗaga. Duk wanda ya san hanyar, sama yake hayewa ya nemi kujera a fili, domin awoyin farko su ne kan tafiyar. Tsakanin Sitokhom da buɗaɗɗen teku akwai tsibirai wajen 30,000, wasu da garuruwa a kansu, wasu dutse ne kawai da tsuntsu guda a tsaye. Ƙaton jirgin nan sai ya rage gudu, yana lanƙwasa a tsakaninsu, doka ce ta hana shi sauri don kada igiyar ruwan da yake tayarwa ta cinye gaɓa. Gidajen katako jajaye masu farin baki, kowanne da 'yar gadarsa da kwalekwalensa, da ɗan ɗakin gumi a bakin ruwa, da tuta shuɗiya mai rawayan gicciye. A mashigin Oxdjupet hanya ta matse har na ga fuskokin mutanen da ke zaune a kan tsohuwar ganuwar tsaro suna ɗaga mana hannu. Duwatsun duk sumul suke, ƙanƙara ce ta goge su. A zamanin da ta rufe arewacin Turai, kaurinta ya kai kilomita biyu zuwa uku, nauyinta ya danne ƙasa. Tun da ta narke ƙasar ke ta ɗagowa, har yau tana tashi da 'yan milimita kowace shekara, sababbin duwatsu na leƙowa, tsofaffin mashigai na cikewa.

Na yi sallolina a ɗaki, da ƙasaru, ina duba alƙibla a waya, don jirgin ba ya miƙewa waje guda. Abincin dare kuwa tebura ne jere, kowa ya ɗiba da kansa. Naman alade ya yi yawa, amma an rubuta sunan kowane abinci, kifi kuma ya wadata: kifin salmon gasasshe da mai hayaƙi, da wani ƙaramin kifi da suke jiƙawa ɗanye cikin ruwan tsami da sukari da albasa, ana ci da dafaffen dankalin turawa. Wannan na ƙarshe sai wanda ya saba, amma salmon ɗin ba shi da na biyu.

Dab da tsakar dare, sama ba ta gama duhu ba, muka shiga wata ƙaramar tasha. Mariehamn ce, babban garin tsibiran Åland. 'Yan mintoci kawai muka yi, mutane kaɗan suka sauka, muka juya. Wannan gajeren zango shi ne ke riƙe da kasuwar hanyar gaba ɗaya. Tsibiran na ƙasar Finlan ne, amma mutanensu, kimanin 30,000, harshen Suwidin suke yi. An hana ajiye soja a can tun 1856, bayan yaƙin Kirimiya. Da Finlan ta samu 'yanci, rikici ya tashi kan wa zai mallake su, sai a 1921 majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta yanke hukunci: ƙasa ta Finlan ce, amma mutanen su riƙe harshensu da majalisarsu. Suna da tutarsu da kan sarkinsu na wasiƙa, ba a kuma tilasta wa samarinsu aikin soja. Da Finlan ta shiga Tarayyar Turai a 1995, aka bar Åland a wajen yankin harajin tarayyar. A 1999 aka soke sayar da kaya ba haraji tsakanin ƙasashen tarayyar, amma jirgin da ya taɓa Åland yana da damar ci gaba. Saboda haka kowane jirgi ke ratsewa nan, ko da ba mai sauka.

Kayan da aka fi saye kuwa giya ce. A ƙasashen biyu gwamnati ce kaɗai ke da shagunan sayar da barasa mai ƙarfi, harajinta kuma mai tsanani ne, don haka za ka ga mutum na jan amalanke cike da katan-katan daga kantin jirgi. Can cikin dare ana kiɗa da rawa a wani hawa, wasu sun sha har ba sa gane ɗakinsu. Wannan ɓangaren bai yi mini daɗi ba, kuma ganin dattijo mai furfura yana tangaɗi a gaban jikokinsa abu ne da ke sosa rai a ko'ina. Sai dai jirgin na da faɗi. Wanda ba ruwansa zai samu inda zai zauna lafiya. A irin wannan kusurwa na zauna kusa da wata tsohuwa mai saƙa, ta ce mini ita 'yar Finlan ce, tun tana budurwa ta zo Suwidin aikin masaƙa, yanzu gida za ta gano 'yan'uwa. Irinta suna da yawa. Bayan yaƙin duniya na biyu, musamman ƙarshen shekarun 1960, ɗaruruwan dubban mutanen Finlan sun ƙetara ci-rani zuwa masana'antun Suwidin, kuma jiragen wannan hanya ne suka kwashe su.

Bayan Åland teku ya buɗe. Inda Estonia ke kwance ba shi da nisa sosai da hanyar, domin jirgin da ya fara isa wurin a daren da ya nutse, Mariella, tsakanin Helsinki da Sitokhom yake zirga-zirga a lokacin. Ba a ɗauko gawarwakin da ke cikin Estonia ba, ƙasashen yankin sun yi yarjejeniya a bar wurin a matsayin kabari, kuma har yau akwai iyalan da ba su gamsu da rahoton binciken ba. Amma an sake dokoki bayan wannan masifa: an ƙarfafa ƙofofin goshi, an tsananta sharuɗɗan yadda jirgi zai jure in ruwa ya shiga hawan motoci, an kuma wajabta rubuta sunan kowane fasinja. Na zaga na ga kwalekwalen ceto rataye a jere, kowanne an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka, da akwatunan rigunan ceto. Dole tunanina ya tafi kogin Kwara, wajen Yawuri da tafkin Kainji, inda kusan kowace damina sai an ji jirgi ya kife da 'yan kasuwa: an loda buhuna da babura da mutane fiye da kima, babu rigar ceto, babu ma wanda ya san adadin da ke ciki, sai a yi ta ƙiyasi a bakin gaɓa. Mukan ce ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce. Amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma mai jirgin da ya ga ruwa ya kusa baki ya ƙara fasinja ya san abin da ya yi, kamar yadda Klas Fleming ya sani.

Barci ya yi daɗi, ƙugin inji can ƙasa-ƙasa, jirgi na ɗan lilo. Da safe agogo ya ƙara awa guda, don Finlan na gaba da Suwidin. Ƙofar Helsinki ta ruwa ita ce ganuwar Suomenlinna, wadda Suwidin ta fara ginawa a 1748 a kan tsibirai don tare Rasha, a lokacin Finlan na ƙarƙashinta. Ganuwar ta miƙa wuya ga Rasha a 1808, shekara guda bayan haka Finlan duka ta koma hannun sarkin Rasha, har zuwa 'yancinta ranar 6 ga Disamba, 1917. Jirgi na bi ta wani mashigi mai ƙunci a gindin ganuwar, tsofaffin igwa na kallonka, kuma har yanzu akwai ɗaruruwan mutane da ke zaune a tsibiran, da makarantarsu da kantinsu. Yana fita daga nan sai gari ya bayyana gaba ɗaya: farar majami'a mai koren ƙubba a kan tudu, wadda aka gama a 1852, daga dama kuma wata ta jan bulo mai kawunan zinariya irin na Rasha, a gabansu kasuwar bakin ruwa da rumfunanta masu launin lemo, ana sayar da kifi da 'ya'yan itatuwan daji. Gustav Vasa ɗin nan na dandalin Stortorget shi ya kafa Helsinki a 1550.

Wajen goma muka sauka. Tireloli suka fara fitowa ta ƙasa, masu shara da gyaran gado suka shiga ta sama, domin da la'asar jirgin zai juya Sitokhom, kuma haka yake yi rani da hunturu, har watannin da teku ke daskarewa ya riƙa ratsa ƙanƙara. A nan kuɗin yuro ake kashewa, harshen kuma ba shi da dangantaka da na Suwidin ko kaɗan, ko da yake allunan titi da harsunan biyu ake rubuta su. Na hau taragon lantarki mai bin titi na nufi Fredrikinkatu, inda Tatar ɗin Finlan ke da masallacinsu a saman wani bene. Kakanninsu fataken yadi da fatu ne da suka fara zuwa a ƙarshen ƙarni na 19 daga ƙauyukan yankin Volga, suka yi rajistar jama'arsu ta Musulmi a 1925. Ba su kai dubu ba, amma sun riƙe addininsu da harshensu har yau, kuma ƙofarsu a buɗe take ga matafiyin da ya zo sallar Azahar.